Wa ya tambayi ɗaliban?

Jama'a, tun ranar 8 ga Yuni, 2024 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, an ga motsi a Kano: gyaran azuzuwa, rabon kujeru, ɗaukar malamai, ga kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin kuɗi da ake ware wa ilimi. A sakamakon NECO na 2025 ma Kano ce a gaba wajen yawan waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Alhamdu lillahi. Sai dai a duk tarukan masu ruwa da tsaki da ake yi, za ka ga kwamishina, daraktoci, firinsifal-firinsifal, masu sarauta da 'yan ƙungiyoyi. Mutum ɗaya ne ba a ajiye masa kujera, wato yaron da ke zaune a SS2, wanda dominsa ake duk wannan hidima. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu da muka fito daga ƙauyukan arewacin Kano, su Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa da Bichi, in mun je gida ƙarshen mako muna zama da ƙannenmu da 'ya'yan 'yan'uwa. Tambayar da muka saba yi musu ita ce, "Na nawa ka zo?" Ku gwada sauya ta. Ku ce, "Wane malami ne kuke gane karatunsa, kuma me yake yi?" Na sha yin wannan tambayar, kuma wallahi amsoshin kusan iri ɗaya ne.

Na farko, malami ya shigo aji ya zauna har a buga ƙararrawa. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne malamin da zai aiko monita da littafi ya cika allo da rubutu, su kwafe, shi ke nan an yi darasi. Yaro ya yi shekara uku yana kwafar Kimiyya bai taɓa jin wanda ya yi masa bayaninta ba.

Na biyu, in Turanci ya ƙi, a sauko musu da Hausa. Sun san da Turanci za su rubuta WAEC da NECO, ba sa musun haka. Roƙonsu shi ne a warware musu abin da harshen da suke tunani da shi, in ya zauna sai a maimaita da Turanci a ba su kalmomin. Yaron da a Ɗambatta ko Bagwai ya tashi yana ganin noman rani a bakin dam ɗin Tomas ko na Watari, ya san taki, ya san ban-ruwa, ya san awon buhu da kwano. Rabin darasin Noma da na Lissafi yana hannunsa tun daga gida, mai haɗa masa shi da abin da ke kan allo yake nema.

Na uku, kada a mai da mai tambaya abin dariya. "Kai daƙiƙi, wannan ma ba ka sani ba?" Sau ɗaya za ka faɗa wa ɗan shekara 16 haka a gaban sa'o'insa, ka rufe bakinsa har ya gama makaranta, ka kuma rufe na sauran da suke kallo. 'Yan mata sun fi shan wannan, don dama da kunyarsu suka shigo.

Na huɗu, a dawo musu da takardun gwaji da gyara a jiki. Maki kawai ba ya nuna wa yaro inda ya kauce.

Na biyar, a san halin da suke ciki. Zango na uku yana faɗowa daidai saukar damina. Lokacin shuka da noman farko, yaro ya yi sammako ya je gona, ya tako ƙafa ko ya tuƙo keke ya iso a makare, sai a tare shi a bakin ƙofa da bulala da yankan ciyawa har darasi biyu su wuce. Wa aka hukunta a nan? Yarinya kuwa, in makarantarsu ba bayan-gida mai ƙofa da ruwa, akwai ranakun da ba za ta zo ba a kowane wata, kuma ba za ta taɓa faɗa wa malami namiji dalili ba.

Ku duba jerin nan da kyau. In ka cire bayan-gida, babu wanda yake buƙatar kwangila.

Na san abin da wasu za su ce: "Yanzu yara ne za su koya wa malamai aiki? Ai raini za a jawo." Damuwar tana da tushe, don tarbiyyarmu ta ginu a kan girmama malami, kuma ba na goyon bayan a taɓa ta. Amma ku tuna karatun zaure da na allo. Malam yana biya wa kowa gwargwadon inda ya tsaya, ya saurari karatunsa, ba ya ƙara masa sai na baya ya zauna. Sauraron ɗalibi tsohon abu ne a wurinmu, kuma bai taɓa rage wa malam ƙima ba. Likita ma sai ya tambayi marar lafiya inda ke masa ciwo kafin ya rubuta magani, bai kuma zama ƙaramin likita don ya tambaya ba.

A Amurka an gwada abin a aikace. Tsakanin 2009 da 2013 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta yi bincike a kan malamai kusan 3,000: aka ɗauki bidiyon darussansu, aka duba sakamakon ɗalibansu, aka kuma raba wa ɗaliban takardar tambayoyi da Ronald Ferguson na Jami'ar Harvard ya tsara. Ba a tambaye su ko suna son malamin ba. Abubuwan zahiri aka tambaya, kamar ko ana ɓata lokaci a aji, ko ana nuna musu yadda za su gyara kuskure. Aka gano cewa azuzuwan da ɗalibai suka yaba sun fi samun ci gaba a jarrabawa, kuma bayanin ɗaliban ya fi tsayawa daram a kan na mai sa ido da ya leƙo sau ɗaya. Dalilin a fili yake. Jami'in da ya zo daga ofishin shiyya minti 40 zai gani, kuma ranar kowa ya shirya. Ɗalibi yana nan kullum.

Ga shawarata ga Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare. Sau ɗaya a kowane zango, kowane aji ya amsa tambayoyi huɗu ko biyar, da Hausa, ba tare da rubuta suna ba: wane darasi ne ba ka ganewa, me malami yake yi da yake taimaka maka, me ke hana ka yin tambaya, me ke hana ka zuwa. Malamin ba da shawara da wakilin kwamitin SBMC su tattara, mace ta karɓi na 'yan mata. Firinsifal ya zauna da malamai su zaɓi abu ɗaya da za a gyara, a sanar a wajen asambuli. Wannan sanarwar ita ce ran abin, domin in yara suka rubuta sau biyu ba su ga canji ba, na uku shirme za su rubuta.

Sharaɗi guda: kada a mai da takardun nan sandar dukan malamai ko hujjar yi wa wani canjin wurin aiki. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma ba abin mamaki ba ne ka tarar da ninkin haka a aji guda, ga malamin yana zuwa daga nesa a kan babur da man da albashinsa ba ya ɗauka. Mutumin da ke cikin wannan hali taimako yake buƙata. In yara suka ce malamin Lissafi ba ya zuwa, a fara binciken ko makarantar ma tana da isassun malaman Lissafi.

Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977 sun nuna mana abin da ɗan talakan Kano zai iya in aka kula da karatunsa. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can suna ko'ina. Ƙannensu suna nan a makarantun jeka-ka-dawo na ƙauyukanmu, kaifin bai ragu ba.

Malamai da ke cikin abokaina, ba sai kun jira takarda daga sama ba. Ranar Litinin ku yaga falle ku raba, ku ce kowa ya rubuta abin da bai gane ba a wannan makon, ban da suna. Iyaye da yayye kuma, yau da dare ku tambayi naku. In da ɗan sakandare da ke karanta wannan, ka faɗa mana a ƙasa abin da kake so malaminka ya sani, amma kada ka kama sunan kowa ko na makaranta.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya yi wa karatun yaranmu albarka.