Inshorar Lafiyar Iyaye Tsofaffi: Doka Ta Buɗe Ƙofa, Saura 'Ya'ya Su Shigar Da Su

A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon shirin NHIS. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Najeriya, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, kuma tsofaffi na cikin waɗanda ta ambata. Sai dai har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Shi ya sa ba mu daina jin sanarwar neman taimako bayan sallame salla ba, ko ganin an sayar da gonar gado cikin dare ɗaya saboda an kwantar da dattijo a asibiti.

Dattijon da idonsa ya yi rauni ba zai iya bin layin ofis ko cike fom a waya ba. Wannan aiki na 'ya'ya ne. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Maɗaukaki Ya gwama kyautata wa iyaye da kaɗaita Shi da bauta, Ya kuma keɓe lokacin tsufansu da ambato. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali. Wanda ya ɗauki nauyin abincin mahaifiyarsa ya bar maganin hawan jininta a hannun sa'a, da sauran aiki a gabansa.

Abin da ke sa wasu magidanta ja da baya shi ne kalmar inshora kanta, kuma damuwarsu tana da tushe. A shekarar 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci haramun ce saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas mai yawa a kan abin da aka ƙulla. Amma a wannan matsaya ɗin dai ta bayyana cewa mafita ita ce inshorar taimakekeniya, wadda aka gina a kan kyauta da haɗin kai. Malamai kan kafa hujja da hadisin Ash'ariyyawa da ke cikin Bukhari da Muslim, mutanen da idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tattara abin da ya rage su raba daidai, kuma Annabi (SAW) ya yabe su. Malamai da dama na ganin asusun gwamnati da jama'a ke zuba kuɗi domin a yi wa marar lafiyarsu magani ya fi kusa da wannan siffa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya kai takardun shirin ga malamin da ya amince da shi, kada ya tsaya a kan jita-jita.

Hanyoyin shiga uku ne. Ta farko ita ce gurbin kyauta na masu rauni, wanda ake biya daga asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ana yin rajistarsa ta hannun hukumomin jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Guraben ba su da yawa, don haka mai hali ya ji tsoron Allah, kada ya tare wa iyayen talaka wurinsu. Ta biyu ita ce shirin jiha na masu zaman kansu, inda ake biyan kuɗin shekara. Ta uku ita ce shirin tarayya na GIFSHIP, wanda ke karɓar ɗaiɗaiku da iyalai da ƙungiyoyi. Ma'aikacin gwamnatin tarayya kuma ya sani cewa inshorarsa ta ƙunshi shi da abokin zamansa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki sai an ƙara su da biya na daban.

Kafin a biya ko sisi, a tanadi lambar NIN ta iyaye, a tabbatar sunansu ɗaya ne a duk takardu. A zaɓi asibitin da ke kusa da gidansu, ko da ɗan ya fi son wani mai suna a birni, domin daga nan ne za a riƙa tura su babban asibiti idan buƙata ta taso. A tambaya dalla-dalla: shin magungunan ciwon suga da hawan jini suna cikin jeri? Aikin yanar ido fa? Nawa shirin ke ɗauka na wankin ƙoda? Kaso nawa marar lafiya ke biya na magani? A tambayi tsawon lokacin jira kafin kati ya fara aiki, a kuma rubuta ranar sabuntawa. Inshora ba ta ɗauke komai ba, kuma korafin ƙarancin magani a asibitoci gaskiya ne, saboda haka yana da kyau 'yan uwa su ajiye ɗan asusun gida a gefe.

Sannan kada a yi wa iyaye rajista kamar ana aika kaya. A zauna da su cikin ladabi, a ji asibitin da suke so da likitan da suka saba da shi, a kiyaye sirrin cutarsu. Idan 'ya'ya suna da yawa, su raba kuɗin gwargwadon ƙarfin kowa, a ɗora wa mutum ɗaya riƙon kati da bibiya. Lokacin yin wannan shi ne yanzu da suke kan ƙafafunsu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma katin da aka nema a bakin ɗakin gaggawa ba zai yi aiki a daren ba. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu rabu da su suna masu sa mana albarka.