Jadawalin Kwana 90 da Jikin da Ya Riga Ya Gaji

Shirye-shiryen motsa jiki masu tsanani da ake yi a cikin gida daga Amurka suka fito, a faifan bidiyo. Biyu ne suka fi yin suna. Akwai P90X na Tony Horton, wanda ke ɗaukar kwana 90, ana yi kwana shida a mako, kusan awa guda kullum. Akwai kuma Insanity na Shaun T da ya fito a 2009, na kwana 60, wanda ba ya bukatar ƙarfe ko na'ura, tsalle ne da gudu a wuri ɗaya har numfashi ya nemi ɗaukewa. Zamanin faifai ya wuce, amma ’ya’ya da jikokin waɗannan shirye-shirye sun cika YouTube da TikTok, kuma daga waya zuwa waya suke yawo har ƙauyukan bakin iyaka irin su Riko, a ƙaramar hukumar Jibia ta jihar Katsina. Ba abin mamaki ba ne su samu karɓuwa a irin wannan wuri. Ba a biyan kuɗin shiga, tsakar gida ko zaure ya wadatar, kuma a yankin da rashin tsaro ya daɗe yana hana mutane sakewa, gudun asuba a hanyar bayan gari ba shawara ce da uba zai ba ɗansa ba.

Sai dai bidiyon kan iso shi kaɗai, ya baro rakiyarsa a hanya. Asalin shirye-shiryen biyu sun zo da gwajin da mutum zai yi wa kansa kafin ya fara, da jadawali mai makon sassauci a tsakani, kuma a P90X akan ga wani a gefe yana nuna yadda za a sauƙaƙa motsin. Wanda aka tura wa bidiyo uku ta Xender ba shi da labarin wannan. Ya kan zaɓi mafi wuya ya riƙa maimaita shi kullum.

Babban kuskuren ma yana gaba da haka. An tsara waɗannan jadawaloli ne domin mutumin da ke wuni a kujerar ofis, ya koma gida a mota, wanda awa gudar nan ita ce kaɗai wahalar da jikinsa zai sha a ranar. Saurayin Riko da ya yi sammako gona, ko ya wuni yana dakon buhuna a kasuwar Jibia ko a Magama, sannan ya buga ƙwallo bayan la'asar, ya riga ya biya jikinsa haraji kafin ya kunna waya. Tsoka ba ta tambayar daga ina nauyi ya fito; fartanya da buhun masara da tsallen bidiyo duk asusu ɗaya suke shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Manomi a tsakiyar damina kan wuce wannan adadi tun kafin Talata. Saboda haka gyara na farko lissafi ne: a ƙidaya kowace wahala ta mako, ranar noma da ranar dako da ranar wasa, a ɗauke su a matsayin ranakun horo, sannan a cike abin da ya rage da bidiyo. Ga mafi yawan masu aikin ƙarfi, abin da zai rage kwana biyu ne ko uku, kuma jadawalin kwana 90 zai koma na wata shida zuwa tara. Babu abin da aka yi asara. Lambar 90 ɗin dabarar talla ce.

Dalilin yin haƙuri yana cikin yadda sassan jiki ke sabawa da wahala. Zuciya da numfashi kan inganta cikin ’yan makonni, tsoka ma tana saurin amsawa, amma jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara da jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa, sai sun ɗauki watanni. A mako na uku ko na huɗu ne mutum ke jin ƙarfi ya zo, ya ƙara yawan tsalle, alhali agararsa na nan inda take. Nan ne ciwon dunduniya da na ƙwauri da na gaban gwiwa ke tasowa. Daɓen siminti da silifas na ƙara dagula lamarin. Ƙasar tsakar gida da aka share ta fi sauƙi ga gaɓoɓi, kuma duk inda bidiyo ya ce a yi tsalle, ana iya taka ƙafa ɗaya bayan ɗaya ko a tsuguna a miƙe a hankali. Gumin zai fito duk da haka.

Sai batun ciwo, wanda a nan ne ake yawan ruɗewa. Tsamin jiki da ke biyo bayan sabon motsi yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, ya mamaye tsoka gaba ɗaya, galibi a ɓangarori biyu na jiki, kuma yana raguwa idan aka fara motsawa. Wannan ba ya hana horo. Rauni kuwa yana da wuri guda da za a nuna da yatsa, yana iya zuwa da kumburi ko ɗingishi, kuma yana ƙaruwa da maimaita motsin. Ma'aunin da masu gashin ƙashi ke yawan bayarwa mai sauƙi ne: idan ciwon kaɗan ne lokacin motsi, kuma washegari da safe ya koma yadda yake, a ci gaba; idan ya kwana ya ƙaru, nauyin jiya ya yi yawa, a rage. Kirarin nan na cewa sai an sha wuya akan sha daɗi yana da wurinsa, amma gwiwa ba ta jin kirari.

Targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi yawa a filayen ƙwallon unguwa, inda ramuka da tsakuwa ba su da iyaka. Abu na farko shi ne a raba shi da karaya. Likitoci na da wata ƙa'ida da aka samar a Ottawa ta ƙasar Kanada: wanda ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko yake jin zafi idan an danna kan ƙashin idon sawun, yana bukatar hoton ƙashi. Masu ɗori na da ƙima a ƙasar Hausa, kuma su ne mafi kusa da mutanen karkara, amma hannu ba ya ganin tsagewar ƙashi, ɗauri mai tsanani kuma yana iya tare jini har ya lalata gaɓa. Hoton farko a asibiti, ko da za a je Katsina, ya fi arha a kan tafiya Asibitin Ƙashi na Dala a Kano bayan abu ya ɓaci. Idan an tabbatar targaɗe ne, shawarar likitoci ta sauya daga yadda aka san ta. Dakta Gabe Mirkin, wanda a 1978 ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce dogon hutu da yawan ƙanƙara na iya jinkirta warkewa. Abin da ake bi yanzu shi ne a kare gaɓar kwana biyu ko uku, sannan a fara taka ta gwargwadon yadda ciwo ya bari. Wanda ba shi da firiji bai rasa wani abu mai yawa ba. Matakin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne na koya wa ƙafar daidaito: tsayuwa a kan ƙafa ɗaya na rabin minti, da ido buɗe sannan a rufe, kullum na tsawon makonni. Rashin yin sa ne ke sa ƙafa ɗaya ta riƙa targaɗewa duk shekara.

Rauni a gaɓa ɗaya ba ya rufe jadawalin gaba ɗaya. Mai ciwon ƙafa na iya horar da ƙirji da baya da ciki a zaune ko a kwance. Mai ciwon wuyan hannu, wanda dafa ƙasa ke yi masa zafi, sai ya dafa bango ko benci, ko ya dunƙule hannu a kan tabarma. Mai ciwon kafaɗa ya ajiye duk abin da ake ɗagawa sama da kai. Bincike ya ma nuna cewa horar da lafiyayyen hannu ko ƙafa na taimaka wa ɗan'uwansa mai rauni ya riƙe wani kaso na ƙarfinsa. Ciwon baya kuwa, tafiya a ƙasa ta fi masa kwanciya, sai fa idan ya sauka ƙafa da sanyin jiki ko ya taɓa riƙe fitsari, wanda wannan na asibiti ne a ranar.

Ga mai wani wasa, bidiyon bawa ne, wasan shi ne ubangida. Ɗan ƙwallo ya sa ranar horar da ƙafa nesa da ranar wasa da aƙalla kwana biyu, kuma ya cire ranar tsalle daga jadawali, domin fili ya riga ya ba shi rabonsa. Abin da ya fi masa amfani shi ne ɗumama jiki na minti 20 da aka sani da FIFA 11+. An gwada shi a kan matasan ’yan ƙwallo a Legas, kuma sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Ba ya bukatar komai sai fili da abokin yi.

Ɗan dambe lissafinsa daban ne. Hannun da ake naɗa wa zare da hannun da ake yin garkuwa da shi ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka kafaɗa ɗaya da wuyan hannu ɗaya ne ke shan dukkan azabar. Ɗora musu ɗaruruwan dannawar ƙasa a makon da za a shiga fage ganganci ne. Horon gida ya koma kan ƙafafu da ƙugu da baya, da kuma hannun garkuwa da aka saba mantawa da shi. Abu mafi haɗari shi ne naushin kai. Wanda aka yi wa kisa a turmi, ya tashi da jiri ko ciwon kai ko amai, ba shi da wani jadawali sai hutu da ganin likita, sannan ya dawo mataki-mataki, tafiya kafin gudu, gudu kafin sake karɓar naushi. Duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba shi ke kashewa. ’Yan kokawa kuwa suna da darasi a tsallaken iyaka. A Nijar ana gasar takobin ƙasa tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar sa a Tawa, kuma kokawa tun asali wasan kaka ce, bayan an kai amfani gida, ciki ya cika, jiki ya huta daga noma. Magabata ba su haɗa huɗa da kokawa a wata ɗaya ba. Mako ɗaya ko biyu kafin babban karo, ƙwararrun ’yan wasa a ko'ina kan rage yawan horo su bar jiki ya tara ƙarfi.

Akwai kuma abin da masu shirya bidiyo a Kalifoniya ba su lissafa ba, wato bazarar Katsina, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Horo mai tsanani cikin irin wannan zafi, ba tare da isasshen ruwa ba, na iya farfasa tsoka har dattinta ya toshe ƙoda. Alamarsa ciwon tsoka da ya wuce misali, da kumburi, da fitsari mai launin baƙin shayi. Wannan ba na jiƙo ba ne kuma ba na kemis ba. Magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen na ƙara wa ƙoda nauyi idan jiki ya bushe, tramadol kuwa rufe bakin ciwon yake yi har mutum ya ƙarasa yaga abin da ya fara yagewa, ban da jarabar da yake jawowa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da jinin AS. Yawancinsu na wasa lafiya ƙalau, amma tsananta wa kai har a faɗi, cikin zafi da ƙishirwa, ya fi haɗari gare su, kuma gwajin jinin ba shi da tsada. Da azumi, horo ya koma bayan shan ruwa ko bayan tarawihi, a rage shi zuwa abin da zai riƙe ƙarfin da ake da shi.

Wanda ya yi mako biyu ko fiye bai yi horo ba, saboda zazzaɓin cizon sauro ko rauni ko aikin gona, ba daga inda ya tsaya zai ɗora ba. Ya koma kusan rabin nauyin da ya saba, ya ƙara kaɗan-kaɗan duk mako, abu ɗaya a lokaci guda, ko yawan maimaici ko nauyin jarkar da yake ɗagawa. Idan kuma mutum ya nace sai ya yi kwana 90 a jere, shekarar Riko tana da gurbi ɗaya da zai ɗauke su: daga ƙarshen girbi a Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, da sharaɗin a tsawaita ɗumama jiki saboda sanyin safiya, mai asma kuma ya kiyayi ƙurar. Wannan ne kuma lokacin dambe da kokawa, don haka wanda ke da niyyar shiga fage a shekarar sai ya zaɓi ɗaya.