Kiɗan Na'ura Da Haƙƙin Maƙwabta

Akwai wani irin taron kiɗa da rawa da ya bunƙasa a ƙasashen Turai da Amurka, wanda ba a buga ganga ko a busa algaita a cikinsa. Mutum guda ne ke tsayawa bisa dandamali yana haɗa sauti da na'ura, dubban mutane suna rawa dare da rana. Manyan tarukan irin wannan ba na talaka ba ne, gama tikitinsu da masaukinsu da abincinsu duk da tsada suke. Amma abin lura shi ne, kome yawan kuɗin da ke shiga, taron ba ya zama da gindinsa sai mutanen garin sun yarda.

Mu fara da ƙasar Beljiyam. A wani ƙaramin gari mai suna Boom ake yin taron Tomorrowland, wanda aka soma a 2005. Mutanen garin ba su kai 20,000 ba, alhali kuwa baƙin da ke zuwa cikin ƙarshen mako biyu sun kai kimanin 400,000. Ai kun ga baƙo ya rinjayi mai gida nesa ba kusa ba. Masu taron sun gane haka da wuri, sai suka riƙa ware wa mazauna Boom da maƙwabtansu na Rumst tikiti kafin a buɗe wa sauran duniya, suna kuma zama da hukumomin garuruwan a kan batun ƙara da hanyoyi da shara. A 2023 aka ƙulla yarjejeniya taron ya ci gaba da zama a filinsa har shekara 66. Ko da wuta ta cinye babban dandamalin a watan Yuli na 2025, saura kwana biyu a fara, ba a fasa ba. Aka kafa wani, hukuma ta ba da izni, aka buɗe ƙofa ranar da aka sa.

To, sai mu ƙetare teku mu duba birnin Mayami na Amurka, inda al'amarin ya ɗauki wata hanya dabam. Taron Ultra, wanda aka soma a 1999, ya daɗe yana zama a filin Bayfront, tsakiyar birni. Sannu a hankali aka gina dogayen benaye kewaye da filin, mazauna suka yawaita. Suka yi ta kuka da ƙara mai girgiza tagogi, da kuma rufe musu filin shan iska makonni da dama saboda kafa rumfuna da kwashe su. A watan Satumba na 2018 majalisar birni ta ƙi sabunta wa taron yarjejeniyarsa. A 2019 aka kai shi tsibirin Virginia Key, motocin ɗaukar jama'a suka kasa, har mutane da yawa suka ƙetare gada a ƙasa cikin dare. Bayan annobar korona, sai da masu taron suka sulhunta da ƙungiyar maƙwabta a 2021, kāna suka koma filinsu a 2022.

Mene ne ya raba waɗannan biyu? Ba kuɗi ba ne, domin duka biyu suna da shi. Abin da ya raba su shi ne lokacin da aka nemi maƙwabci: wani ya neme shi tun ana zaman lafiya, wani kuwa sai da aka kore shi. Fatake sun san wannan sarai. Ayari kome girmansa, in ya ɓata rijiyar zango, baɗi ba zai sami wurin sauka ba.

Sa'an nan akwai batun rabon riba, wanda shi ne gishirin maganar. Mai otal da mai mota da mai sayar da abinci suna samun ciniki, saboda haka goyon bayansu ba abin mamaki ba ne. Amma tsohuwa da mai jinya da ma'aikacin da zai yi sammako, su nasu rabon rashin barci ne kawai. In aka ce "mutanen gari sun goyi baya", ya kamata mai hankali ya tambaya: waɗanne mutanen? Masu cin riba ne, ko masu jure wahala? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski; wanda ya kwashi kuɗi a ƙofar gidan mutane, wajibi ne ya ɗauki nauyin abin da ya jawo musu.

Kada kuma a zaci yabo kaɗai yana riƙe irin wannan sana'a. A Jamus an sa kiɗan tekno na birnin Barlin cikin jerin al'adun gado na ƙasa a watan Maris na 2024, amma a ƙarshen wannan shekarar gidan rawa na Watergate ya rufe bayan shekara 22, saboda tsadar haya da sauran ɗawainiya. Takardar girmamawa ba ta biyan kuɗin haya.

Saboda haka goyon bayan da ke ɗorewa shi ne wanda aka rubuta da sharuɗɗa: ƙarfe nawa za a kashe sauti, wa zai share fili, kwana nawa za a tsare hanya, nawa zai shiga baitulmalin gari. Inda aka yi haka, baƙo ya yi rawarsa ya tafi, mai gida ya karɓe shi baɗi ba da ɓacin rai ba.