Dutse Tana Cika, Ina Labarin Ƙauyukanta?

Ran 27 ga watan Agusta, 1991, Gwamnatin Janar Babangida ta yanki Jihar Jigawa daga cikin Jihar Kano, ta ce Dutse ce hedkwata. Waɗanda suka san garin a lokacin nan ba su manta yadda ya ke ba: Garu a kan tudu tsakanin duwatsu, da 'yan unguwanni a gindinta, da itatuwan dabino, sai gonaki iyakar ganin ido. Haɗejiya ta fi ta jama'a nesa ba kusa ba. Yau kuwa wanda ya rabu da Dutse shekara ashirin, in ya komo sai an nuna masa hanya. Muna murna da wannan, don jiha ba ta zama jiha sai da babban birni. Amma tilas malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi su tambayi kansu daga ina mutanen nan suka fito, kuma me suka baro a can.

Tun farko abin da ya bar Dutse a baya shi ne hanyar jirgin ƙasa. Jirgi ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Sa'ad da aka ja reshen Nguru, wanda aka buɗe a 1930, sai ya bi ta arewa, ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori. Duk inda aka sa tasha, nan kantunan Turawa suka kafa sikeli, 'yan baranda suka taru, gari ya tashi. Malam Madori da kanta shaida ce, gama jirgi ne ya raya ta a gefen Haɗejiya. Manomin Kiyawa ko na Jahun kuwa sai ya ɗora gyaɗarsa bisa jaki ya nemi inda sikeli ya ke. Watau tun zamanin nan, wani layi da aka ja bisa taswira a wani ofis mai nisa shi ya ke raba arziki tsakanin garuruwanmu.

Cin rani ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Haraji da kuɗi a ke biyansa, bayan kaka. Saurayi in ya ga an kai amfani rumbu, sai ya ɗauki tabarmarsa ya nufi Kano ya yi ga-ruwa ko dako, ko ya wuce Jos wajen haƙar kuza. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas ya komo, da kuɗin haraji a lalita da turmin atamfa na iyali, ga kuma hatsin da bai ci ba yana nan a rumbu. Irin wannan cin rani gishiƙi ne na ƙauye. Har wa yau, malamin haraji na En'e, da dagaci da mai unguwa, sun san adadin magidanta da samarin kowane gida, sun san wanda ya tafi da wanda ya dawo, don kowace shekara sai an ƙidaya.

Cikin shekara goma sha uku duk wannan tsari ya warware. Fari ya auku a 1973. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. A 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a shekarar nan kuma aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda Dutse ke cikinta a lokacin. Talaka ya huta, ba mu kuwa roƙon a komo da su. Sai dai da littafin haraji ya rufe, ƙidayar shekara shekara ta tafi tare da shi, ba a kuwa kawo wani abu a madadinta ba. Sa'an nan a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomi ya zama shi da ɗan kasuwa kaɗai. Tun daga nan cin rani ya riƙa tsawo: wanda ya ke komowa da ruwan fari ya koma sai an yi shuka, daga baya sai noman farko, wani ma sai dai ya aiko da kuɗi a yi masa ƙwadago.

Girman Dutse kansa yana da abin lura. Cikin shekarun farko na jihar, ma'aikata da yawa a Kano iyalinsu su ke, su zo aiki su koma, don babu gidajen da za su zauna. Daga 1999 zuwa 2007 Gwamna Saminu Turaki ya rarraba ma'aikatu zuwa manyan garuruwan masarautu, domin kowane yanki ya sami rabonsa. Niyyar tana da hujja, kuma 'yan kasuwar garuruwan nan sun ji daɗinta, amma takarda guda sai ta kwana bisa hanya tsakanin ofis da ofis, hedkwata kuwa ta tsaya cik. Da Gwamna Sule Lamido ya hau a 2007 ya komo da ma'aikatu Dutse, aka gina sakatariya da tituna da gidaje. Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, filin jirgin sama a 2014. Mutum ɗaya ya sa hannu gari ya kwanta, wani ya sa hannu gari ya tashi. Wannan ya nuna mana cewa albashi ne jinin Dutse. Babu wata babbar masana'anta da ta tara mutanen nan. Duk mai kanti a garin ya san ranar da aka biya albashi ba sai an gaya masa ba, ya kuma san ranar da aka yi jinkiri.

Gari ba ya faɗaɗa bisa iska, gonar wani ya ke ci. Inda Takur da Ɗanmasara su ke cike da gidaje yanzu, da gero da dawa a ke nomawa, kuma ginin yana ta matsawa wajen Limawa da sauran ƙauyukan kewaye. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun Gwamna, in kuwa an karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta shuka ce da itatuwa da gini, ban da ƙasar kanta. Wanda ba a karɓi tasa ba kuma, dillalan filoti ba su barinsa ya yi barci. Ya sayar, ya sayi babur, ya yi wa ɗa aure. Bayan shekara huɗu babur ya mutu, gonar da ta ci da kakanninsa kuwa ta zama gidan wani mai katanga, shi ko ɗansa ke gadi a ƙofa. Akawun da a ke kawo wa takardar ciniki ya sa hannu, ya kamata ya san abin da ya ke shaidawa.

Waɗanda Dutse ba ta ɗauke su ba suna wucewa gaba, can kuma hukuncin waɗansu ya ke samunsu. A watan Janairu 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano. A watan Agusta 2019 hukuma a Ikko ta tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su ana bincike, alhali neman abinci ya kai su. A 2020 da 2022 Ikko ta hana acaɓa a manyan unguwanninta. A 2020 ɗin nan, lokacin annobar korona, aka riƙa komo da almajirai jihohinsu cikin motoci, Jigawa ta karɓi nata. Kowane ɗaya daga cikin hukuncin nan, a wani gida na Kiyawa ko Buji ko Gwaram ya ke sauka, inda a ke jiran aike ranar kasuwa.

Kada a ɗauka muna zargin masu tafiya. Kuɗin cin rani ne ya rufa ɗakuna da yawa da kwano, shi ya ke sayen takin zamani da shanun huɗa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna fiye da mutum huɗu cikin biyar a Jigawa suna cikin talauci ta fuskar ilmi da lafiya da zaman gida. A daminar shekarar nan kuma ambaliya ta cinye gonaki a garuruwan da ke bin kogin Haɗejiya. Wanda ruwa ya share masa shinkafa, wa zai ce masa ya zauna?

Abin da ya fi damunmu, mu da aikinmu ya ke horad da malamai da zagaya makarantu, shi ne abin da rijista ke nunawa. Da an gama girbi sai manyan yara maza na aji biyar da shida su fara ɓacewa, sun bi yayyensu. 'Yan mata kuma, da ya ke maigida ba ya nan, aike kuwa bai zo ba, sai uwa ta ɗora musu talla. Malamin da aka tura ƙauye shi ma ɗan cin rani ne ta wata fuska: iyalinsa suna Dutse inda akwai lantarki da asibiti, shi kuwa ya hau babur da safe ya komo da azahar. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin zuwa da komowa ya ci babban rabo na albashin ƙaramin malami, har waɗansu sun mai da mako kwana uku. A cikin gari kuwa aji ya cika ya batse, yara na zaune har bakin allo. Ga makaranta da ɗakuna babu yara, ga wata da yara babu ɗakuna, tsakaninsu bai fi tafiyar rabin sa'a ba. Ɗalibanmu na kwalejin horon malamai, in an tambaye su inda su ke so a kai su, da wuya a sami wanda zai ambaci ƙauyen da ya haife shi.

A zamanin En'e, duk da laifuffukanta da ba mu manta ba, in an gina makaranta a kan gina gidan malami kusa da ita. Hedimasta a garin ya ke kwana, shi ke karanta wa mutane wasiƙa, a sahu ɗaya ya ke salla da iyayen yara. Uban da zai cire ɗansa ya tura shi birni sai ya ji nauyin malam. Wannan shi ne abu na farko da mu ke roƙon Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi su komo da shi: ɗaki biyu da rijiya kusa da kowace makarantar ƙauye, da ɗan ƙarin kuɗi ga wanda ya yarda ya zauna can, kuma a riƙa ɗaukar malamai daga cikin 'ya'yan gundumar da za su koyar. 

Game da samari, wa'azi ba ya tsai da mai jin yunwa, aikin rani ke tsai da shi. Inda akwai fadama da rijiyar burtsatse da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, mun ga saurayi ya zauna ya noma alkama da albasa da tumatir. Riɗi da zoɓo da Jigawa ta yi suna da su har ƙasashen waje, da dabinon Dutse wanda akwai tashar bincikensa a garin, yawancinsu ɗanye su ke fita, a tsabtace su a ƙulla a wani wuri, ladan aikin ya tafi can. In kuma za a karɓi gonar mutum don gina unguwa, a ba shi filoti a cikinta, ko gona a wani wuri, kafin a ba shi kuɗi a hannu.

Saura abin da ke hannunku, malamai da akawuna, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi. Ku rubuta gaskiya cikin rijista. Yaron da ya bar makaranta a watan Nuwamba kada a riƙa yi masa alamar yana nan har Yuli don kada yawan ajin ya ragu a idon mai duba makarantu. A rubuta ranar da ya tafi, da garin da ya nufa, da wanda ya bi. Kowane hedimasta ya zauna da mai unguwa sau biyu a shekara, bayan girbi da bayan shuka, su ƙidaya gidajen da maigida ya tafi da waɗanda ya komo, akawun ƙaramar hukuma ya tara lissafin gunduma gunduma ya aika Dutse. Muna so a fara da kakar bana, daga makarantun Kudai da Sakwaya da Chamo da Madobi, waɗanda birnin ya fi kusa da haɗiyewa.