Me Zai Kai Ɗalibin Aikin Gona Koyon Wasan Kwaikwayo? Darasi daga Sinnar

A farkon kowane zango nakan rubuta wa ɗalibai jimla ɗaya a allo, "ya tafi gari", in nemi wani ya tashi ya faɗe ta yadda mai sauraro zai gane nufinsa. Galibi akan yi tsit, daga bisani wani ya miƙe ya karanto ta a shimfiɗe, kamar mai ƙirga buhuna. Alhali in an ja wasalin "ya", labari ake bayarwa cewa mutumin ya riga ya tafi. In kuwa aka gajarta shi aka saukar da murya, umarni ne ko fata. Haka "gari" na zama ya bambanta da "gari" na tuwo, "kuka" ta miya ta bambanta da "kuka" na hawaye. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ya bar wa baki da kunne wannan aikin.

Wannan ne tushen ra'ayina: duk ɗalibin jami'a da zai yi aiki da Hausa a rayuwarsa, ko da fanninsa noma ne ko lafiya ko koyarwa, ya kamata ya koyi matakan farko na wasan kwaikwayo. Ban san wurin da hujjar ta fi fitowa sarari kamar ƙauyukan Hausawa na Sinnar, a ƙasar Sudan, ba.

Ga wanda bai san yankin ba, ga taƙaitaccen bayani. Tun da daɗewa mahajjata daga ƙasar Hausa ke ratsa Sudan a ƙafa, wasu su yada zango su zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa, Fulani da Hausawa, har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da birnin Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban shirin noman rani na Jazira, sai ƙarin mutanenmu suka kwararo, suna aikin auduga da dawa da gyaɗa. Jikokinsu 'yan Sudan ne, kuma da yawansu har gobe da Hausa suke tashi. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartoum ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke sauyawa saboda zama da Larabci.

A can Larabci ne harshen makaranta da ofis da jarida. Hausa ta gida ce da gona da kasuwa, a baki take rayuwa, ba kasafai ake koyon rubuta ta ba. Yaron da ya fito daga irin waɗannan ƙauyuka ya shiga Jami'ar Sinnar, ko Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, zai sami iliminsa cikin wani harshe, ya bar Hausarsa a matsayin da ya baro ta yana yaro. Ranar da ya dawo a matsayin malamin gona ko jami'in lafiya, aka tara masa dattawa domin ya yi bayanin tsargiya, cutar da ake ɗauka a ruwan magudanan ban-ruwa, sai ka ga harshe ya sarƙe. Ilimin yana kansa, amma bai san yadda zai fara ba, bai san inda zai sa idonsa ba, muryarsa ba ta wuce sahun gaba. Dattawan za su yi masa kara, su sa albarka, su watse ba tare da sun ƙaru da komai ba.

Abubuwan da mai koyon wasa ke farawa da su, su ne maganin wannan. Na farko numfashi: a jawo iska har ciki ya kumbura, kafaɗa ba ta motsa ba, a fitar da magana a kanta. Wanda ya saba da haka zai iya jiyar da mutum hamsin a fili ba tare da ya yi ihu ba. Na biyu sauraro. Sabon ɗan wasa yakan tsaya yana jiran abokinsa ya gama don ya zubo abin da ya haddace, shi ya sa maganarsa ke fita a bushe. Ana horar da shi ya ji abin da aka faɗa masa kamar yau ya fara jin sa, sannan ya mayar da amsa. Likitan da ke sauraron tsohuwa mai ciwo ba ya buƙatar abin da ya wuce wannan.

Na uku niyya. Konstantin Stanislavski, wanda ya kafa gidan wasa a Mosko tare da abokin aikinsa a 1898, ya gina koyarwarsa kan tambayar abin da mutumin da kake kwaikwayo yake so a wannan lokaci. Ɗauki kalmar "to". Uwa na faɗar ta ga ɗanta don amincewa, kishiya na faɗar ta don gatse, mai ciniki na faɗar ta don ya yanke magana. Ɗalibin da ya gwada su duka uku a gaban abokansa ya fahimci aikin karin murya a Hausa fiye da wanda ya haddace babi guda na nahawu. Na huɗu lura. A je kasuwa a zauna, a kalli yadda dattijo ke jan gaisuwa kafin ya shiga maganar da ta kawo shi, yadda budurwa ke sunkuyar da kai, yadda ake sakaya suna don kunya. Babu ƙamus ɗin da ya tattara waɗannan, alhali da su ake gane wanda ya iya Hausa.

Kada a ɗauka baƙon abu nake kawowa. A Kano da Zariya, daga goma ga watan azumi yara da samari ke fita tashe, suna kwaikwayon mai magani da tsoho da gwauro, kuma babu wanda ya yi digiri a cikinsu. A wasan gauta, matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. A zamanin boko, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya rubuta Uwar Gulma, Usman Baba Pategi ya shiga gidaje da sunan Samanja. Tun tsakiyar shekarun 1970, a Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Etherton da abokan aikinsa suka riƙa fita da ɗalibai unguwanni da ƙauyukan Zariya, ana tsara wasa tare da mutanen wurin kan matsalolinsu. Abin da ya yi aiki a Samaru zai yi aiki a bakin Nilu.

Na san abin da za a ce. Wasu iyaye na ganin "ɗan wasa" suna ne na raini, kuma ba don haka suka tura yaro jami'a ba. Amsata ita ce, ba sana'a nake kira a sauya ba. Mai koyon huɗuba ma yana koyon tsayuwa da sarrafa murya, ba a ce masa ya lalace ba. Masu damuwa da cuɗanyar maza da mata suna da hujja, kuma mafita tana hannu: 'yan mata su yi rukuninsu, kamar yadda suke yi a gaɗa. Wasu za su ce babu malami, tunda kwalejin kiɗa da wasan kwaikwayo tana Khartoum, kusan kilomita 300 daga Sinnar. Ga kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, wanda ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, ya isa Singa a tsakiyar 2024, ya tarwatsa ɗalibai da malamansu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Sai dai a cikin dukkan abin da ake koya a jami'a, wannan ne bai buƙatar ɗakin gwaji ko lantarki. Mutum biyar da inuwar itace sun wadatar.

Haɗari ɗaya ne nake so a kiyaye, kuma babba ne. Hanya mafi sauƙi ta ba da dariya ita ce kwaikwayon karin harshen wata ƙabila. Hausawan Sudan sun san ɗacin hakan, domin an sha yi da su. Bayan rikicin da ya ci rayuka masu yawa a jihar Shuɗin Nilu a Yuli da Oktoban 2022 tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, bai kamata wani ɗalibi ya mayar da maƙwabcinsa abin dariya a dandali ba. Magana zarar bunu ce. Amfanin shiga rigar wani shi ne ka ji abin da yake ji, kuma wanda ya taɓa tsayawa a matsayin maƙwabcinsa na minti goma da gaskiya, zai yi wuya ya ƙara kallonsa kamar da.

Ga ɗalibanmu masu nazarin Hausa, a Sinnar kuke ko a Sakkwato, ku fara a wannan makon. Ku haɗu ku biyar, ku zaɓi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ɗaya da kuka ji a gida, ku raba matsayi, ku yi ta ba tare da takarda ba. Ku ɗauki muryoyinku a waya, ku saurara, ku ƙirga wuraren da wasali ya gajarce inda ya kamata ya tsawaita. Sannan ku kai wa wata tsohuwa ta ji. In ta gyara muku kalma, ku rubuta ta, domin mai yiwuwa ba ta cikin kowane littafi.