Juya kwalbar ka karanta kafin ka zuba

Daren jiya an ɗauke wuta a ɗakinmu nan KASU Kafanchan, sai muka ƙirƙiro wasa. Mutum ya rufe sunan kwalba, ya haska waya ya karanto abin da ke bayanta, saura su canka.

"Sukari gram 22 cikin 100." Na ce lemon kwalba ne. Ashe kecap ne, ya ninka lemon ma a sukari! Ta biyu, fiye da rabinta mai ne zalla: mayonis ɗin da muke lafta wa burodi. Ta uku, kusan rabi gishiri: dunƙulen ɗanɗanon miya.

Mun sha dariya, amma ni jikina ya yi sanyi, don mahaifiyata na fama da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai gram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya.

Ban ce a daina ci ba, 'yan uwa. A dai karanta, a rage hannu. Muna zaune a ƙasar citta. Yajin da ka daka da kanka, ka san gishirin da ka sa.