Daga Teburin Malam: Sabunta Kwamfuta, Gyara Ne Ko Ɓarna?

 Zancenmu na wannan wata, wata uwa ce ta jawo shi. Ran nan bayan an tashi makaranta ta tare mu a bakin ƙofa, da kwamfuta naɗe cikin zane. Ta ce, "Malam, raba mu gardama. Awaki biyu na sayar, na haɗa da kuɗin dawa, na sayi wannan abu domin yaron nan ya koyi jarrabawar JAMB. Kullum tana rubuto masa wai ya sabunta. Wanda ya sayar mana ya ce kada mu kuskura, nauyi za ta yi, ta kuma cinye mana data. Wansa kuwa da ke jami'ar aikin gona ta Zuru ya ce in ba a sabunta ba ɓarayi za su shiga. To, wa zan bi?"

Muka ce, "Mama, su duka biyu akwai gaskiya a bakinsu, sai dai ba kan abu ɗaya su ke magana ba." Tun shekara ta 2015 da JAMB ta mai da dukan jarrabawarta kan kwamfuta, gidaje da yawa sun yi irin wannan ƙoƙari, sun sayi 'yar gwanjo domin 'ya'yansu. Saboda haka muka ga ya kamata amsar da muka ba ta ta isa ga kowa.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da dukan sauran, kamar yadda uwargida ke riƙe da ragamar gida. A yawancin kwamfutocinmu sunanta Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. A wayoyinmu kuwa, irin su Tecno da Infinix da itel, sunanta Android. Mutane ne suka rubuta su, aikin mutum kuwa ba ya rasa tsaga. Wasu tsagogin ba a gano su sai bayan shekaru, wani lokaci ma ɓarayi ke fara ganowa.

Sabuntawa iri biyu ce, rashin bambanta su ne ya kawo gardamar gidan maman nan. Ta fari ita ce ƙarama, ta kowane wata. Tun shekara ta 2003 Microsoft ta ke fitar da ita ran Talata ta biyu ga wata. Aikinta toshe tsagar da aka gano, daidai da yaɓen da mu ke yi wa rumbu kafin damina. Ba a ƙara wa rumbu girma, ba a sāke masa wuri, ana rufe ƙofar ɓera da gara ne kawai. Ta biyu ita ce babba, watau a ɗauke tsohuwar manhajar a kawo sabuwa, kamar daga Windows 10 zuwa Windows 11. Wannan kam sabon gini ne bisa tsohon tushe, dole a duba ko tushen zai ɗauka.

Bari mu fara da gaskiyar ɗan jami'a. Ran 14 ga Maris, 2017, Microsoft ta fitar da gyaran wata tsaga a Windows. Mutane da yawa, har da manyan ma'aikatu, suka yi sakaci ba su sa ba. Bayan wata biyu, ran 12 ga Mayu, wata cutar kwamfuta da a ke kira WannaCry ta bi ta wannan tsaga. Tana kulle dukan takardun mutum, ta ce sai ya biya dala 300 kafin a buɗe masa. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe 150. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, har aka soke wa marasa lafiya alkawarin ganin likita kimanin 19,000. Maganin kuwa yana nan kyauta tun wata biyu. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Kada wani ya ce wannan zancen Turai ne, wa zai damu da kwamfutar ɗan makaranta a Dabai. Irin wannan cuta ba ta zaɓen gida, duk ƙofar da ta iske a buɗe nan ta ke shiga. Mu ma mun ɗanɗana namu. Wata shekara muka kashe sabuntawa a kwamfutar da mu ke rubuta sakamakon yara, don tsoron cin data. Muka kai filash wani shagon buga takardu, muka dawo muka soka. Da muka buɗe, dukan takardun aji uku sun ɓace, sai wasu alamu marasa buɗuwa suka maye gurbinsu. Ashe mai gadin da ke cikin Windows, wanda a ke kira Defender, ta hanyar sabuntawa ya ke samun labarin sababbin cututtuka. Mu da kanmu muka toshe masa kunne. Mako guda muka yi muna kwafe maki daga takardun jarrabawa da hannu, iyaye suna jira.

Yanzu sai gaskiyar mai sayarwa, gama ba ƙarya ya shara ba. Akwai hanya uku da sabuntawa ke jawo nauyi. Ta ɗaya, sa'ad da kwamfuta ke saukar da gyaran tana shirya shi, takan yi nauyi ƙwarai, fanka ta yi ta kuka. Wannan na ɗan lokaci ne, in ta gama aka kashe aka kunna sai ta koma yadda ta ke. Wanda ya daɗe bai sabunta ba shi ya fi shan wannan wahala, tun da ya ke aikin watanni ne ya taru masa.

Ta biyu, wani gyaran yakan rage gudu da gaske. A watan Janairu na 2018 aka bayyana wasu tsagogi biyu cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kanta, aka sa musu suna Meltdown da Spectre. Microsoft da bakinta ta ce gyaran zai rage gudu, masu sababbin kwamfutoci da ƙyar za su lura, amma masu na 2015 da waɗanda suka girme su za su iya ji. A wayoyi ma an yi haka. Cikin Disamba na 2017 kamfanin Apple ya yarda cewa wata sabuntawa tana rage gudun iPhone mai tsohon batir, domin kada ta riƙa mutuwa ba zato. A shekara ta 2020 Faransa ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 25 saboda bai gaya wa mutane ba. Har wa yau gyara yakan zo da nasa kuskure. Babbar sabuntawar Windows 10 ta Oktoba 2018 ta share wa wasu takardunsu, sai da aka janye ta aka gyara.

Ta uku ita ce wadda ta fi damun mu a nan, watau ɗora babbar manhaja bisa tsohuwar kwamfuta. Jakin da ya saba da buhu ɗaya, in ka ɗora masa uku zai tafi, amma da ƙyar. Windows 11 da ta fito a 2021 tana neman ram aƙalla giga 4 da wurin ajiya giga 64, kuma yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cikin waɗanda kamfanin ya yarda a sa musu. Wasu masu gyara suna da dabarar cusa ta da ƙarfi. Tana shiga, amma nauyin da ya biyo baya a kan mai kwamfuta ya ke.

Duk da haka, a cikin kwamfutocin da a ke kawo mana da ƙarar nauyi, sau da yawa laifin ba na sabuntawa ba ne. Wata wurin ajiyarta ya cika maƙil da finafinai da waƙoƙi. Wata manhajoji goma ke tashi tare da ita da zarar an kunna. Wata kuwa ƙurar hunturu ta toshe mata hanyar iska, in ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mafi yawa kuma tsohon faifan ajiya ne mai juyawa. Wanda ya sāke shi da sabon irin da a ke kira SSD, ya ƙara ram zuwa giga 8, zai yi mamakin tsohuwar kwamfutarsa, kuɗin kuwa bai kai na sayen wata ba.

Akwai wani abu da ya kamata mai sayen gwanjo ya sani. Kowace Windows tana da ranar da kamfanin ke daina aiko mata da gyara. Ta XP an daina ran 8 ga Afrilu, 2014. Windows 7, ran 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 kuwa, wadda ke cikin yawancin kwamfutocin gwanjo, gyaranta na kowa da kowa ya ƙare ran 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba ta mutuwa a ranar, tana aiki kamar dā, sai dai duk tsagar da aka gano daga baya haka za ta zauna a buɗe. In tana iya ɗaukar Windows 11, a sa mata. In ba ta iya ba, akwai manhajar kyauta mai suna Linux Mint wadda ba ta da nauyi, mai gyaran da ya san aikinsa zai iya sa wa. Wanda bai sami ko ɗaya ba ya bar ta ga buga takardu da koyon jarrabawa, kada ya shiga asusun banki da ita. Kafin ku biya kuɗi, a kasuwar Zuru ne ko a Farm Centre ta Kano, ku tambayi shekarar da aka ƙera ta.

Ga shawararmu a taƙaice, bisa ga halin wuta da tsadar data a wajenmu.

Na ɗaya, kada a kashe ƙaramar sabuntawa. A tsai da rana ɗaya kowane wata, kamar mako guda bayan Talatar nan, gama in akwai kuskure a gyaran an riga an ji labarinsa.

Na biyu, kafin a fara, a kwafe muhimman takardu da hotuna zuwa filash ko wani faifai dabam.

Na uku, kada a fara sai batir ya cika, ko akwai janareto ko sola. Mun taɓa fara sabuntawa da mataccen batir daren da za mu buga takardun jarrabawa, wuta ta ɗauke a tsakiya, kwamfutar ta ƙi tashi sai da aka kai ta wurin mai gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. In aiki ya matso, cikin Windows Update akwai wurin dakatar da ita na 'yan makonni.

Na huɗu, akwai wurin da a ke gaya wa Windows cewa datar nan ta awo ce, sai ta daina sauke manyan abubuwa da kanta. Sa'an nan a yi aikin da datar dare mai rahusa.

Na biyar, babbar sabuntawa ba ta gaggawa ba ce, a bari sai hutu. In an sa aka ga ba ta karɓe ta ba, Windows tana ba da kwana goma a koma tsohuwar.

Na shida, wannan ya shafi waya ma, musamman wadda a ke aika kuɗi da ita. Sabuntawar gaskiya daga cikin saitin na'urar ta ke fitowa. Duk saƙon da ya zo ta WhatsApp ko tes yana cewa a taɓa nan a sabunta, ko yana neman lambar sirri ko BVN, na ɓarawo ne.

Kwamfutar maman nan kuwa, da muka duba, ta 2019 ce, amma rabonta da gyara ya fi shekara. Ran Asabar muka jona ta da solar makaranta, ta yini tana aikinta. Muka hure mata ƙura, muka sa yaron ya share finafinan da ya tara, fuskarsa a murtuke. Uwar ta ce, "Ashe nauyin ba daga Amurka ya zo ba, daga ɗakina ya ke." Yaron yana nan yana shirin jarrabawarsa, mun kuma rubuta masa ranar sabuntawa a bangon littafinsa.

Wanda ke da tambaya a kan wannan ko wani abin da ya shafi karatun yara, ya rubuto mana. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.